Wa ke da ranarka? Yadda ake gane matsayin mutum daga aikin da yake tashi da shi kullum

Akwai wani musu da muke yawan yi a majalisarmu bayan isha'i kuma har yau an kasa kashe shi, wai tsakanin malamin firamare da mai shayin bakin layinmu wa ya fi wani. Masu goyon bayan mai shayi hujjarsu a fili take, mutumin nan kullum sai ya ga kuɗi a hannunsa safe da dare, yana da babur, ya sayi fili a bayan gari, kuma shi kansa malamin in wata ya yi nisa a wajensa yake cin bashin indomi da ƙwai, har shafinsa daban a littafin bashi. Su kuma ɗaya ɓangaren sai su ce to mun ji, amma ranar ɗaurin aure wa ake matsa wa a tabarmar gaba, wa ake nema in takarda ta zo daga asibiti ko kotu, kuma in su biyun suka zo neman 'yarka tsakaninka da Allah wa za ka fara dubawa? Nan ake tsayawa kowa ya kama gabansa, gobe a sake ɗaukowa.

Wannan musun namu na shan iska shine ainihin abin da masu nazarin zamantakewa suka daɗe suna fama da shi, wato yadda jama'a suke rabuwa hawa-hawa, abin da 'yan boko ke ce wa "aji". Ni dai kalmar ajin nan ba ta zauna mini ba, don Bahaushe in ka ce aji makaranta yake tunawa. Namu kalmomin sun fi yawa kuma kowacce da inda ta dosa, asali daban, daraja daban, arziki daban, mutunci daban, sannan ga babbarsu rufin asiri, wadda ita ce mafi yawanmu muke roƙo a sujada. Mai rufin asiri ba mai kuɗi ba ne, ba kuma mai hannu baka hannu ƙwarya ba, mutum ne da in matsala ta faɗo masa zai iya kashe ta ba tare da unguwa ta ji ba.

Hanya mafi sauƙi in ana son auna wannan abu ita ce a ɗauko fom, a tambayi mutum nawa yake samu a wata, ina ya tsaya a karatu, gidan da yake ciki nasa ne ko haya, a zuba a kwamfuta ta raba mutane gida-gida. A ƙasar da kusan kowa ke da takardar albashi wannan yana ɗan aiki. A nan fa? Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a tsarin ofis suke ba, ba takardar ɗauka ba fansho, kuma sama da kashi 80 kansu suke yi wa aiki. Kenan a fom ɗin nan Alhajin da ke sauke kwantena a Kantin Kwari da yaron da ke yawo da goro a faranti wuri ɗaya za a rubuta su, "mai sana'ar kansa". Sannan wa ma zai gaya maka abin da yake samu? Wani tsoron baki, wani tsoron haraji, wani tsoron kar dangi su ji, wani kuma wallahi shi kansa bai sani ba don aljihun ciniki da na cefane ɗaya ne. Amsar da za ka samu ita ce "Alhamdulillah, ana ta fama", kuma attajiri da ɗan dako duk haka za su ce maka.

Shi ya sa wasu masu binciken suka bar tambayar nawa kake samu, suka koma bin mutum cikin yininsa. Ƙarfe nawa kake tashi, wa ya ce ka tashi a lokacin, abin da kake aiki da shi na waye, in za ka je jana'iza sai ka nemi izini ko kulle shago kawai za ka yi, wa ke iya daka maka tsawa a gaban mutane ka yi shiru, in ka kwanta ciwo mako biyu me zai faru da tukunyar gidanka. Waɗannan tambayoyin mutum ba ya jin nauyin amsa su kamar ta kuɗi, amma su ne suke tona komai.

Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1949 zuwa 1950 wani masani ɗan asalin Jamaika mai suna M.G. Smith ya zauna a ƙasar Zazzau yana nazarin yadda mutane ke rayuwa, kuma a 1959 ya fitar da bayani kan yadda Hausawa ke jera matsayin mutane, inda ya ce a wajen namiji sana'arsa ita ce babban ma'auni. Masu sarauta a sama, sai malamai da manyan attajirai, sai tarin jama'a manoma da masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, can ƙasa kuma makaɗa da maroƙa da mahauta da barori da 'yan dako. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shine bambancin da ya ji a bakin mutane tsakanin karda da shigege, wato sana'ar da ka gada da wadda ka shiga da rana tsaka, abin da a wasu wurare muke cewa ɗan gado da ɗan haye. Maƙeri biyu suna dukan ƙarfe iri ɗaya a maƙera ɗaya, amma wanda kakansa ya yi ƙira yana kallon ɗayan a matsayin baƙo, kuma in za a naɗa Sarkin Maƙera an san gidan da za a duba.

Kun ga tun a nan tsani ya zama biyu, na daraja da na dukiya, kuma ba lallai su tafi tare ba. Mahauci zai iya fin malamin allo kuɗi nesa ba kusa ba, yana yanka shanu kullum yana ba mutane bashi, amma ya je neman aure wani gidan a yi ta ja masa rai da "za mu yi shawara" har ya gane da kansa. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ji mutane. Ni a ganina wajen neman aure nan ne Bahaushe yake faɗin gaskiyar yadda ya ɗauki sana'arka, a masallaci kafaɗa da kafaɗa ne, a kasuwa ana wasa da dariya, amma ranar da aka tura bincike sai a fara "me ubansa yake yi?" Addini bai ce haka ba, malamai suna ta faɗa, amma ana yi. Tsanin dai yana motsi, ba a kafe yake ba. Waƙa da kiɗa da Smith ya tarar a ƙasa, a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, yau kuma yara 'yan manyan gida suna rububin shiga situdiyo. Kuɗi ƙare magana, sai dai ba kowace magana yake ƙarewa ba.

Wadda ta fi shiga cikin ƙwaryar abin a wajena ita ce wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. A lokacin mutanen gwamnati da masu ba da shawara daga waje kallon ƙauye suke a matsayin "manoma" kawai, kowa daidai da kowa, talauci ɗaya. Ita sai ta ɗauki gidajen noma 171 na garin, ba ta tambayi kowa kuɗinsa ba, ta sa mutanen gari da suka san juna su raba su bisa tambaya ɗaya: yaya gidan yake kasancewa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba? Sai ga kashi huɗu sun fito, waɗanda ba sa jin yunwar har ma suna taimakon wasu, waɗanda ba sa wahala, waɗanda suke ɗan taɓa wahala, da waɗanda suke shan ta sosai.

Kuma da ta bi yinin na ƙasan sai ta ga yadda tarkon yake aiki. Mutum yana da gona, ba wai ba shi da ita ba, amma ranar da ya kamata ya yi noman fari a tasa babu abin da za a ɗora a gida, dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo na tuwon dare, kafin ya dawo kan tasa ciyawa ta ci ƙarfinta, ba taki ba dabbar da za ta ba shi taki, da kaka abin da ya samu kaɗan ne kuma dole ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha don biyan bashi da haraji, wanda ya saya ya ajiye a rumbu, damina ta zagayo ya dawo ya sayi hatsin da tsada ko ya jinginar da gonar. Ita ta kira wannan da talaucin da ya kai mutum ba ya ma iya noma. Dukansu manoma ne in an rubuta a takarda, amma ɗaya shi ke da ranakun daminarsa, ɗayan kuma ya sayar da nasa tun kafin su zo. Hill dai ba ta yarda a kira wannan aji irin na Turai ba, hujjarta ita ce in mai gandu ya mutu aka raba gonaki tsakanin 'ya'ya sau da yawa arzikin watsewa yake, ba ya zama a gida ɗaya har jikoki. Ana iya musu da ita a kan wannan, musamman yanzu da mai hali ke iya mayar da hatsi ya zama digirin ɗansa ko fili a birni, abin da rabon gado ba ya narkar da shi kamar gona.

A birni kuma akwai wani Ba'amurke, Paul Lubeck, da ya bi leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, lokacin da Bompai ke cike da hayaƙi da jiniya. Ya tarar da yawansu daga ƙauye suka zo, wasu ta hanyar almajiranci da gardanci, kuma abin da ya fi ci musu rai ba ƙarancin albashi kaɗai ba ne, agogo ne. Mutumin da ya saba rana da kiran sallah ne ke raba masa yini, yanzu ga wani mai kula da ma'aikata yana tsaye a kansa, lokacin sallah ma ya zama abin ja-in-ja. Sun yi yajin aiki a 1971 kan kuɗin Adebo, wato ƙarin albashin da kwamitin gwamnati na Adebo ya ba da shawarar a biya ma'aikata, kenan sun san haɗa kai, amma burin mafi yawansu ba wai su tsufa a kamfani ba ne, burin shine a tara jari a fita a kama kasuwanci, a zama mai cin gashin kai. Wannan ya bambanta su da ma'aikacin masana'antar Ingila da ubansa da kakansa duk a injin nan suka ƙare. Yau yawancin kamfanonin sun rufe, wutar lantarki da kayan waje sun gama da su, masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe 1957 ta tsaya a 2002, amma wancan burin na "in samu nawa" yana nan daram a zuciyar duk wani mai yi wa wani aiki.

To mu dawo yau, mu ɗauki ɗan adaidaita sahu, tunda tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 shi ne ƙafar gari. Kai fasinja kana ganin rawayen keke da direba, a wajenka duk ɗaya ne. A cikinsu kuwa akwai mai nasa, wanda in ya ga rana ta yi zafi zai iya fakawa a inuwa ya yi barcin awa ɗaya ba wanda zai tambaye shi. Akwai wanda ya karɓa bashi yana biya a hankali har ya mallaka, wanda in ka haɗa abin da zai biya ya zarce kuɗin keken nesa, kuma in ya yi ta saɓa alkawari ana iya ƙwacewa abin da ya zuba ya bi ruwa. Akwai wanda ake ba shi kullum ya kawo balas, shi har abada ba zai mallaka ba. Akwai ma na huɗu, wanda ke jiran direban ya gaji ya ba shi aron awa biyu ko uku da dare. Mutum huɗu, sana'a ɗaya, riga ɗaya, amma rayuwa huɗu.

Ka tambayi mai balas yadda yake lissafin yininsa za ka ji abin da fom ba zai taɓa kamawa ba. Kuɗin farko na mai ne, na biyu na tikiti, na uku na maigida, sai abin da ya biyo baya ne nasa, kenan yana iya kaiwa la'asar bai fara yi wa kansa aiki ba. Ruwan sama ya sauka, taya ta fashe, an kama shi an ɓata masa awa biyu, yaro ba lafiya an tafi asibiti, balas bai san wannan ba. Da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, mai keken bai rage balas ba, fasinja kuma yana faɗa a kan kowace naira hamsin, duk matsin a kan na tsakiya ya sauka. Ina cikin masu zagin tuƙin gangancinsu, ba zan ɓoye ba, amma tun da na fahimci lissafin nan na gane wani gudun ba rashin tarbiyya ba ne kawai, mutum ne ke tsere da bashin da yake sabunta kansa kowace asuba. Kuma ranar da suka ajiye aiki a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista kowa ya ga yadda gari ya koma tafiyar ƙasa, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa duk a titi.

Wanda ya fi wuyar sakawa a kowane layi shine yaron kasuwa. Je ka Kwari ko Singa ko Dawanau, za ka ga mutum mai shekara talatin da wani abu, da mata da 'ya'ya, ana ce masa yaron Alhaji wane. Miliyoyi suna bi ta hannunsa kullum, shi ke riƙe da makulli, amma ba shi da albashin da aka yanka, abin da ake ba shi na abinci ne da "ga wannan ka sa a aljihu", in aure ya zo maigida ya yi, in suna ya zo maigida ya sayi rago, in sallah ta zo ga shadda, kuma can gaba akwai alkawarin da ba a rubuta ba cewa wata rana za a sallame shi da jari. Wani masani mai suna Abner Cohen ya ga irin wannan tsarin a unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan a farkon shekarun 1960 tsakanin masu gidajen da ke riƙe da cinikin shanu da goro da yaransu da dillalansu, kenan tsohon abu ne kuma shi ya riƙe fataucin Hausawa daga Kano har Kumasi ba tare da banki ko lauya ba, amana ce jarin.

Amma ka tambayi yaron me zai faru in maigida ya rasu kafin sallamar. 'Ya'yan gida su zo rabon gado, shi ba ya cikin magada, ba takarda ba shaida, shekara goma sha biyar sai "Allah ya saka da alheri". Wasu iyayen gidan suna cika alkawari har su fi, akwai manyan attajirai da yawa da daga yaran shago suka taso, wasu kuma sai lokacin sallama ya matso a nemo laifi. Abin lura shine shi yaron ba ya kallon kansa a matsayin ma'aikaci, maigidan gobe yake ganin kansa, shi ya sa ba za ka taɓa jin yaran kasuwa sun haɗa kai sun yi yajin aiki ba, kowa dangantakarsa da ubangidansa ta fi masa ta ɗan uwansa yaron shagon kusa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ko NEPU, da ta fito ƙarara a sanarwar Sawaba ta 1950 ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, layin da ta ja tsakanin mai mulki da wanda ake mulka ne, ba tsakanin maigida da yaronsa ba. Kalmar talaka ta haɗa ɗan kasuwa mai rufin asiri da ɗan dakonsa a inuwa ɗaya.

Aikin ofis shi nasa tsanin a rubuce yake, tun gyaran tsarin albashi na kwamitin Udoji a 1974 aka jera ma'aikatan gwamnati daga mataki na 01 zuwa 17, kowa ya san wanda zai ce wa ranka ya daɗe. Abin da albashin ke saye ba yawa, amma akwai abin da mai shayi ba shi da shi, wato in malami ya kwanta wata guda albashinsa zai shigo, banki zai iya ba shi bashi, kuma akwai fansho ko da za a sha wuya kafin a gan shi. Sai dai a cikin ofis ɗin ma akwai 'yan wucin gadi da 'yan kwantiragi, ka shiga banki ka ga mutum biyu da kwat iri ɗaya a kanta ɗaya, ɗaya ma'aikacin banki ne ɗayan wani kamfani ne ya kawo shi haya, ana iya sallamarsa da saƙon waya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ma dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kenan malamar makarantar kuɗi ta cikin lungu da yaron gidan burodi ba da su aka yi ba. Kuma wannan zancen na wa ke juya ranarka ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba. A Landan an bi ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 tun daga 1967, dukansu masu albashi, dukansu da asibitin kyauta, bayan shekara goma aka ga 'yan ƙasa irin su masinja da mai tsaron ƙofa suna mutuwa kusan ninki uku na manyan. Zagaye na biyu na binciken da wani masani Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya nuna rashin iko a kan aikinka na cikin abin da ke tafiya tare da ciwon zuciya.

Mata kuwa fom ya fi cutarsu, don da an ce "me take yi" sai miji ya ce ba ta komai, tana gida. Alhali a cikin gidan nan ake suyar ƙosai da awara, ake ƙuli-ƙuli, ake ɗinkin hula da kitso da adashi, kuma kuɗin nata ne ba na miji ba. Enid Schildkrout da ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970 ta nuna cewa wannan kasuwar ta bayan katanga a kan ƙafar yara take tafiya, su ne masu talla su ne 'yan aike, shi ya sa in ka ce yarinya ta bar talla ta tafi makaranta, jarin uwarta da kayan ɗakinta ka taɓa, ba wai uwar ba ta son karatu ba ne. A ɗaya gefen kuma ga ma'aikaciyar da ke fita ƙarfe bakwai ta dawo biyar, wadda fitar tata ba za ta yiwu ba sai da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, yarinyar da sau da yawa ba ta ma ganin kuɗin aikinta don wadda ta kawo ta ko iyayenta ake ba. In kana son sanin matsayinta a gidan kar ka tambayi nawa ake biya, ka duba a wane kwano take ci, ina take kwana, kuma yaran gida da sunanta suke kiranta ko "ke".

Ita ma wannan hanyar ta bin mutum cikin yininsa tana da nata ramukan fa. In ka je da biro da takarda da kati a wuya, rabin mutane za su ɗauka tallafi ka kawo sai kowa ya zama fakiri, rabi kuma su ɗauka haraji ne sai kowa ya ce ba ciniki. In ka yi wa yaro tambaya maigida na zaune, "Alhaji uba ne a wajena" za ka ji ka tashi. Labari ɗaya mai daɗi kuma ba ya wakiltar mutum dubu, dole a haɗa da ƙidaya. Sannan ga ɗan ci-rani da zai rikita maka lissafi gaba ɗaya, da rani yana tura kurar ruwa a Legas ko yana gadi a Abuja yana kwana a ɗakin bakin get ana kiransa "aboki", da damina ya koma garinsu shi ne maigida mai gona da shanun huɗa, har ma yana ɗaukar 'yan ƙwadago, wanne daga ciki za ka rubuta? Wanda ya tambaye shi a watan Maris da wanda ya tambaye shi a Agusta mutum biyu daban za su kawo maka.

Kwanan baya da musun malami da mai shayi ya sake tashi sai na jefa tambayar ciwo, na ce to a ce kowannensu ya kwanta wata uku. Aka ce malami albashinsa na tafiya. Mai shayi kuma wani ya ce teburinsa ma a bakin titi yake, duk safiyar da hukuma ta ga dama za ta iya ɗagawa, wani ya ce ai ko ya kwanta ba za a rufe ba tunda yaronsa na nan. Sai a lokacin muka waiga. Yaron yana tsugune yana wanke kofuna a bokiti, shi ke hura wuta tun kafin asuba, shi ke ɗebo ruwa, shi ke bin bashi gida-gida, in an tashi ƙarfe ɗayan dare a kan bencin nan yake kwana yana gadin kaya. Daga wani ƙauye na wajen Maraɗi ya zo, shekararsa ta uku kenan a wurin, kuma duk tsawon musun nan da muke yi a gabansa yana miƙo mana shayi ba wanda ya taɓa sa shi a lissafi. Na tambaye shi nawa ake ba shi a wata, ya ce maigida ne ke ajiye masa.